Dutsen Kamaru: Abin Da Ɗan Arewa Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Hau

 A 'yan shekarun nan yaranmu masu karatu a kudu sun yawaita, wasu a Yawunde, wasu a Duwala, wasu kuma a Jami'ar Buea wadda aka buɗe a 1993. Duk wanda ya zauna a Buea, dutsen nan yana tsaye a kansa safe da yamma, kuma ba a daɗewa abokan karatu za su ce masa a haɗa kuɗi a je a hau. Iyaye a nan Kuseri ko Marwa ko Garwa sai dai su ji labari a waya, hankalinsu ya tashi, domin ba su san ko wane irin wuri ne ba. Wasu sun hana kai tsaye, wasu sun bari ba tare da tambayar komai ba. Mun ga ya dace mu yi bayanin wannan dutse daki-daki, don mai hanawa ya san abin da yake hanawa, mai tafiya kuma ya san abin da zai tarar.

Ra'ayinmu tun farko shi ne tafiya ce mai kyau, wadda ke ƙara wa mutum sanin ƙasarsa da girmama Mahaliccinsa. Sai dai dutsen yana kama ɗan Arewa ne ta inda bai zata ba. Mun san zafin Afrilu, mun san ƙishirwa da doguwar tafiya, don haka muna ganin babu wahalar da za ta ba mu tsoro. Amma sanyi mai jiƙa ƙashi, da ƙarancin iskar shaƙa, da igiyar teku, waɗannan ba mu gada ba.

Wane irin dutse ne?

Dutsen Kamaru yana jihar Kudu maso Yamma, ya taso ne daga bakin Tekun Atlantika kai tsaye. Tsayin da aka saba rubutawa a littattafan makaranta mita 4,095 ne, wasu ma'aunai na baya-bayan nan kuma suna rage shi kaɗan zuwa 4,040. Ko da wanne aka ɗauka, babu wanda ya kai shi a duk yammacin Afirka. Ana kiran ƙololuwarsa Fako, kuma da wannan suna ake kiran gundumar da Buea da Limbe da Tiko suke ciki. Masu ƙasar, wato ƙabilar Bakweri, sun daɗe suna noma a gindinsa suna farauta a dajinsa. Buea tana kwance a jikinsa ta gabas, a tsayin kusan mita 900, Limbe kuma tana ƙasa a bakin ruwa, tsakaninsu tafiyar kilomita 30 ko kusa da haka.

Don mu gane girman abin, mu kwatanta da gida. Kuseri tana kan tsayin kusan mita 300 daga teku, a shimfiɗaɗɗen fili inda Logon ya haɗu da Shari, idonka yana kaiwa har inda sama ta taɓa ƙasa. Wanda ya tsaya a Fako yana sama da mu da kusan kilomita 4, gajimare kuma a ƙarƙashin ƙafarsa yake. Ruwan sama ma haka. A nan muna samun milimita 500 zuwa 600 a shekara, cikin wata huɗu. A ƙauyen Debundscha da ke gefen dutsen ta fuskar teku, ana samun kusan milimita 10,000, abin da ya sa ake lissafa shi cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya. Ruwan shekara ɗaya a can ya fi namu na shekara 15. Dalili kuwa shi ne iskar damina tana tasowa daga teku ɗauke da danshi, sai ta ci karo da wannan bango mai tsawon kilomita 4, dole ta hau, tana hawa tana sanyi, sai ta zubar da abin da ta ɗauko. Ragowar wannan iska ce ke ƙarasowa gare mu a Yuni da Yuli, bayan ta ratsa ƙasar duka.

Dutse ne mai rai

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne wannan dutse mai aman wuta ne, kuma bai mutu ba. A ƙarnin da ya wuce ya yi amai a 1909 da 1922 da 1954 da 1959 da 1982 da 1999, sannan ya sake a shekara ta 2000. A 1922 narkakken dutsen ya gangara har cikin teku ta wajen Bibundi. Na 1999 ya fara ne a ƙarshen watan Maris, ya yi kwanaki yana tafiya a hankali kamar kunu mai kauri, yana cinye daji da gonakin kwakwar manja, har ya datse hanyar da ta tashi daga Limbe zuwa Idenau a kusa da ƙauyen Bakingili, ya tsaya saura kaɗan ya shiga ruwa. An kwashe mutanen ƙauyen a lokacin. Har yau wanda ya bi wannan hanya zai ga tudun baƙin dutse ya tokare inda kwalta take a da, an karkatar da titi ya zagaye shi. Wanda ba zai iya hawan dutsen ba, ko wannan kaɗai ya je ya gani ya ishe shi abin tunani.

Wannan ba dalilin tsoro ba ne ga mai ziyarar kwana uku. Aman ba ya zuwa babu alama, yawanci girgizar ƙasa ce ke gabatarsa, kuma akwai cibiyar gwamnati a Ekona mai sa ido da na'urori. Abin da ake buƙata kawai shi ne in hukuma ta ce an rufe hawa, a ji.

Ga wani abu da ɗalibanmu za su so sani: wannan dutse ɗan uwan duwatsunmu ne na Arewa. Masana ƙasa suna magana a kan wani dogon layi na duwatsun aman wuta wanda ya faro daga cikin teku, daga tsibiran Annobon da Sao Tome da Bioko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, ya bi ta Manenguba da tsaunukan Bamenda, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi tudun Adamawa wajen Ngaundere, ɗayan ya miƙe arewa zuwa tudun Biu a Najeriya da tsaunukan Mandara. Dogayen duwatsun Rumsiki da ke tsaye kamar turaku a ƙasar Kapsiki, waɗanda ake bugawa a kalanda, maƙogwaron tsofaffin duwatsun aman wuta ne. Narkakken dutse ya daskare a cikin maƙogwaron, ruwa da iska suka cinye jikin da ke kewaye da shi cikin shekaru masu yawa, suka bar tsakiyar a tsaye. Wato abin da muke gani a Rumsiki tsoho ne da ya huce, na Buea kuwa har yanzu da wuta a cikinsa. Tafkin Nyos ma a kan wannan layi yake, wanda ya saki iska mai guba a daren 21 ga Agusta 1986, mutum sama da 1,700 suka rasu. Allah Ya kiyaye mu da irin wannan.

A Suratu Faɗir an ja hankalinmu ga launukan duwatsu, farare da jajaye da baƙaƙe ƙirin. Wanda iyakar saninsa da dutse shi ne na Waza ko na Mora, in ya taka saman Fako ya ga baƙin tsakuwa iya ganinsa, da ramuka masu jan baki, zai karanta wannan wuri da wata fahimta dabam.

Tarihi a taƙaice

Labarin dutsen ya daɗe da fita duniya. Wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Hanno, daga birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya ba da labarin wani dutse mai ci da wuta da ya gani a gaɓar Afirka kusan shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma wasu masana tarihi suna ganin wannan ne. Turawa sukan rubuta cewa Richard Burton da Gustav Mann ne suka fara kai wa samansa tsakanin ƙarshen 1861 da farkon 1862. Mu dai mun san mafarautan Bakweri ba su jira Bature ya nuna musu hanyar dutsensu ba.

Abin da ya fi shafarmu shi ne zamanin Jamus. A 1891 mutanen Buea ƙarƙashin sarkinsu Kuva Likenye suka fatattaki rundunar Jamus, suka kashe kwamandanta Gravenreuth, sai a 1894 aka ci su. Daga nan aka ƙwace ƙasarsu mai albarka aka mai da ita manyan gonaki, waɗanda daga baya suka koma hannun kamfanin CDC da aka kafa a 1947. A 1901, shekara ɗaya bayan yaƙin da aka kashe Rabe a nan Kuseri ranar 22 ga Afrilu 1900, gwamna Puttkamer ya ɗauke hedikwatar mulki daga Duwala ya kai Buea saboda sanyinta da ƙarancin sauro. A wannan shekarar da wadda ta biyo ta ne sojojin Jamus suka ci Garwa da Marwa. Ke nan akwai lokacin da umarnin da ke zuwa wa lamidan Arewa daga gindin wannan dutse yake fitowa. Fadar da Puttkamer ya gina tana nan har gobe. Aman 1909 kuwa sai da ya sa Jamusawan suka tattara takardunsu suka gudu Duwala.

Limbe ma tana da igiya da Arewa. Wani ɗan mishan Bature, Alfred Saker, shi ya kafa garin a 1858 ya sa masa suna Victoria. Ɗan Garwa ne, shugaba Ahmadu Ahidjo, ya sauya sunan zuwa Limbe a 1982, shekarar da ya sauka daga mulki.

Yadda hawan yake

Tun watan Disamba 2009 mafi yawan dutsen ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura hekta 58,000. Ba a hawa sai da izni da ɗan jagora mai rajista, ana kuma ɗaukar 'yan dako daga ƙauyukan gindin dutsen. Kada wani ya ga kamar kuɗin ɗan jagora asara ce. Hazo kan rufe wurin cikin ɗan lokaci har ka kasa ganin wanda ke gabanka, a kan baƙin dutse kuma babu sawun da za ka bi ka koma.

Hanyar da aka fi bi ta miƙe ne daga saman garin Buea. Ana kiranta da sunan kamfanin giya na Guinness, saboda shi ya ɗauki nauyin tseren dutsen lokacin da aka fara shi a 1973.  Sa'o'in farko cikin kurmi ake yin su, bishiyoyi dogaye, ƙasa jiƙaƙƙiya, gumi kamar an watsa maka ruwa. Akwai bukka ta farko kafin a kai mita 2,000. Kaɗan bayanta sai dajin ya yanke kamar an sa wuƙa, a fito fili mai doguwar ciyawa, nan ne hawan ke miƙewa tsaye, rana ta buga, iska ta fara kaɗawa. Bukka ta biyu tana wajen mita 2,800, a nan aka fi kwana. Ta uku tana sama da mita 3,700, daga ita sai tsakuwa da toka har ƙololuwa. Masu ƙarfi suna hawa su sauko cikin kwana biyu. Wanda yake son ganin daji sosai yakan ɗauki kwana uku ko huɗu, ya sauko ta ɗaya gefen, ta wajen ramukan aman 1999 da maɓuɓɓugar da ake kira da sunan Mann. A wannan ɓangaren ne giwayen kurmi suke, ƙanana ne a kan na Waza, kuma da wuya a gan su, sai dai kashinsu da sawunsu. Akwai wata fakara da wani ɗan tsuntsu waɗanda babu su ko'ina a duniya sai a wannan dutse.

Tseren da muka ambata yana nan, a watan Fabrairu ake yinsa, yanzu sunansa Tseren Fata. Ana tashi daga filin wasa na Molyko a je ƙololuwa a dawo, kusan kilomita 38, gwanaye suna gamawa cikin sa'a huɗu da rabi ko kusa da haka. Wata mata 'yar yankin, Sarah Etonge, ta ci na mata sau bakwai har ake ce mata Sarauniyar Dutse. Mun kawo wannan ne don gargaɗi: matasanmu suna ganin hoton waɗannan 'yan tsere a talabijin da gajeren wando, su ce ashe abin ba wuya. Waɗancan a jikin dutsen aka haife su ko a tsaunukan Bamenda, sun yi shekaru suna atisaye.

Inda jikinmu ke ba mu kunya

A nan za mu ɗan daɗe, domin a nan rai yake. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. In Limbe tana digiri 28, saman dutsen yana dab da daskarewar ruwa, ga iska mai ƙarfi a kai. Sanyin hunturunmu na Janairu busasshe ne, bargo ɗaya da wuta sun magance shi. Na can jiƙaƙƙe ne. Mutum ya fito daga kurmi rigarsa sharkaf da gumi, iska ta same shi a fili, jikinsa ya riƙa zubar da ɗumi fiye da yadda yake samarwa. Alamar farko karkarwa ce, daga nan magana ta fara harɗewa, tafiya ta zama ta maye, mutum ya ce a bar shi ya ɗan kwanta. Wanda ya kai wannan hali ba a barinsa ya kwanta da jiƙaƙƙen kaya. A canja masa busassu, a lulluɓe shi, a ba shi shayi mai zafi da sukari, a nufi ƙasa da shi. Don haka kayan da za a ɗauka ba na ado ba ne: rigar sanyi mai kauri, rigar ruwa, hular da ke rufe kunne, safar hannu, safa biyu ko uku, takalmi sau ciki mai taurin ƙasa wanda aka riga aka saba da shi, tocila, da kaya busassu a ƙulle cikin leda. Duk ana samunsu a gwanjo. Silifa da jallabiya a bar su a masauki.

Na biyu shi ne iska. A mita 4,000, kowane numfashi yana kawo wa jiki kusan kashi 60 cikin 100 ne na iskar da yake samu a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi kwanaki, wannan hanya kuwa tana ɗaga mutum mita 3,000 cikin yini ɗaya da rabi. Shi ya sa da yawa suke samun ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci daga bukka ta biyu zuwa sama. Wannan ciwo bai san ƙarfi ba. Yakan kama ɗan ƙwallo ya bar siririn yaro. Ƙa'idarsa ɗaya ce: in ciwon kai ya ƙi sauka bayan hutu, ba a ƙara hawa. In aka ga amai ba tsayawa, ko numfashi sama-sama alhali mutum yana zaune, ko tari mai kumfa, ko ruɗewa, to a sauko nan take ko da dare ne, domin saukowar ita ce maganin. Abin da ke cutar da matasa a nan kunya ce. An taho tun daga Kuseri, an kashe kuɗi, abokai suna kallo, sai yaro ya ɓoye abin da yake ji. Shugaban tafiya ya faɗa tun a ƙasa cewa duk wanda ya juya, wani zai raka shi, kuma ba mai yi masa gori.

Akwai waɗanda muke ba shawarar kada su wuce kurmi sam sai likita ya yarda: mai ciwon zuciya, mai asma mai tsanani, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mace mai ciki, da mai sikila. Na ƙarshen nan muna jaddada shi, saboda cutar tana da yawa a cikinmu, kuma ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa su ne ainihin abubuwa uku da ke tayar da ita. Wanda bai san rukunin jininsa ba ya yi gwaji kafin ya sayi tikiti.

Salla da tsarki a kan dutse

Abin mamaki, dutsen da ya fi ko'ina ruwan sama ba shi da ruwa a samansa. Ƙasar kamar soso take, duk abin da ya zuba sai ya nutse ya fito can ƙasa a matsayin maɓuɓɓuga. Daga ƙarshen kurmi zuwa sama, abin da aka ɗauko a jarka shi ne na sha da na girki. A irin wannan hali ruwan sha ba na alwala ba ne, taimama ta halatta, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ana yinta a kan dutse, wanda ba a rasa shi a can. Haka wanda ya ji tsoron ruwan sanyi zai jawo masa ciwo.

Wanda ya taso daga Arewa matafiyi ne, yana ƙasaru muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba, yana kuma iya haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha'i. Amma ɗalibin da ke zaune a Buea ya lura: hawan dutsen bai kai nisan ƙasaru ba, wanda ya kai kusan kilomita 80, don haka sallarsa cikakkiya ce ko da ya kwana biyu a sama. Alƙibla a can tana arewa maso gabas, ta fi tamu ta Kuseri karkata arewa kaɗan. A duba ta tun a gari, don waya takan mutu da sanyi. Sauran rassan mas'alar kowa ya zauna da limaminsa kafin tafiya.

Lokacin hawa shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Maris. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne cikin Fabrairu da Maris, don haka Disamba da Janairu sun fi dacewa. Hawan wannan dutse da azumi a baki jefa kai ne cikin halaka, ajiye azumin Ramadan saboda yawon buɗe ido kuma bai kamaci mai hankali ba, tunda dutsen ba gudu zai yi ba.

Sai maganar al'ada. A gargajiyar Bakweri akwai wani abin bauta mai suna Efasa Moto, wanda suke cewa rabinsa mutum rabinsa dutse, shi ne mai gadin wurin. Wasu 'yan jagora kan nemi baƙi su yi 'yar rawa da ganye a hannu don neman izninsa kafin a wuce wani wuri. Da yawansu Kirista ne, suna yin abin ne a matsayin nishaɗin baƙi. Musulmi ba ya neman izni ko tsari daga kowa sai Allah, don haka ba zai shiga ba. Amma a faɗa wa ɗan jagora tun a ofis cikin ladabi, ba sai an je tsakiyar daji a tsaya gardama ko izgili ba. Baƙo kake a ƙasar mutane, kuma rayuwarka a kwanakin nan, bayan Allah, tana hannun wannan mutumin. A biya 'yan dako hakkinsu cikakke, a ci abinci tare da su, kada a bar leda ko gwangwani ko ɗaya a hanya.

Tsaro

Ba za mu ɓoye ba, tun ƙarshen 2016 jihohin nan biyu masu magana da Ingilishi suna cikin rikici, wanda ya koma na bindiga a 2017. Buea da Limbe sun fi sauran wurare kwanciyar hankali, makarantu da kasuwanni suna aiki, amma ba a ce lafiya lau ba. A Fabrairun 2023 abubuwan fashewa sun tashi a ranar tseren dutsen a Buea, mutane da dama suka ji rauni. Ranar Litinin a wurare da yawa ana zaman gida dole, ba mota ba shago, kada a sa tafiya a ranar. Kada a yi tafiyar dare, kada a rabu da katin ɗan ƙasa domin shingayen jandarma suna da yawa, kada a ɗauki hoton soja ko barikinsu, kada kuma a tsoma baki cikin hirar siyasa a mota. Mu da muka san halin hanyar Mora da Waza a shekarun nan ba sai an koya mana wannan ba. Kafin a tashi a kira 'yan uwa mazauna can a ji halin da ake ciki a wannan makon, ba na watan jiya ba. Akwai Hausawa da Fulani a Buea da Limbe da Tiko, 'yan kasuwa da mahauta da masu tsire, da masallatansu. Wanda ya sauka ya fara da masallaci, a nan zai sami masauki mai aminci da labarin gaskiya da naman da ya tabbata yankan Musulmi ne.

Limbe da teku

Bayan an sauko, yawanci Limbe ake zuwa a huta. Rairayin bakin tekunta baƙi ne, garin dutsen ne da ruwa ya niƙa. Akwai lambun tsirrai da Jamusawa suka dasa a 1892, da gidan kula da birai da gwaggwon biri da aka ƙwato daga hannun mafarauta, da Bimbia inda ake loda bayi a jiragen ruwa a ƙarnonin baya. In gari ya yi wasai ana hango dutsen tsibirin Bioko a tsakiyar ruwa. Kifi gasasshe kuwa a Down Beach, ko ɗan Kotoko sai ya yaba.

Gargaɗinmu na ƙarshe a nan yake. Yaran Kuseri sun iya ruwa, a Logon suka tashi. Amma kogi gefe ɗaya yake ja, ka san inda zai kai ka. Teku tana turo ka gaba sannan ta janye ka baya ta ƙasa, akwai kuma wuraren da ruwan ke komawa ciki da gudu kamar kwata, mai iyo ya yi ta fama yana son fitowa har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya faɗa irin wannan kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo a gicciye, gefen gaɓa, har ya fita daga jan. Mafi alheri dai a tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a wurin da mutanen gari suke shiga, kuma ba bayan Magariba ba.

Tafiyar kanta daga nan ta haura kilomita 1,600: mota zuwa Marwa, Garwa, Ngaundere, daga nan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sai mota zuwa Duwala, sannan kusan kilomita 70 zuwa Buea. Kwana uku ne in hanya ta yi kyau. A ware kwana ɗaya ko biyu a Buea a huta, jiki ya fara sabawa da tudu kafin a taka dutsen, a kuma bar wa iyaye lambar ɗan jagora da ranar da ake sa ran saukowa. Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da su lafiya.